Gwiwa Ce Ta Yi Ciwo, Ba Ido Ba

Tun tana ƙarama 'yan gidansu suka laƙaba mata Tsaf, sunan kuma ya bi ta har gidan miji. Ita ce yarinyar da kan jera takalman baƙi a ƙofar ɗaki, manya gefe guda, ƙanana gefe guda, tun masu takalman ba su gama gaisawa ba. Da ta girma sai ta samu aikin da ya dace da halinta, a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, inda komai fari ne ƙal, kowace kwalba da mazauninta.

Shekara da shekaru suna zaune ita da mijinta, mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, da 'yarsu ɗaya da ake kira Tilo, a wani matsattsen gida da in mutum ya miƙe ƙafa a falo sai ya shuri ƙofar kicin. Duk tsawon lokacin nan Tsaf tana tara hotunan faluka a wayarta, tana kallo tana haɗiyar yawu. Da Allah ya nufa suka koma gida mai faɗi, sai ta ce wa mijin ya ɗauki sauran ɗakunan ya yi yadda ya ga dama da su, amma falo nata ne, kada wanda ya sa mata baki.

Ta kuwa ƙawata shi. Kujeru farare sol, gajeru, masu laushi kamar audugar da aka shiɓa. Teburin gilashi mai kusurwa huɗu a tsakiya. Tayil mai sheƙi da mutum zai iya gyara ɗaurin ɗankwali a cikinsa. Wani ɗan ƙaramin kafet mai gashi-gashi, da dogon tulu a lungu an soka masa busassun ciyayi. Daga sama kuma ga fitila mai tarin ƙwayaye, ga kyau kamar me, sai dai haskenta bai isa a zura zare a allura ba.

Duk wanda ya leƙo sai ya riƙe baki ya ce, "Kai, kamar otal!" Tsaf ta yi murmushi ta ce ai ba a gama ba tukuna.

Abin da ba ta lura da shi ba, ko ta lura ta kau da kai, shi ne ba mai zama a ciki. Baƙi kan ɗosana a bakin kujera kamar masu jiran a kira su gaban alƙali, su ƙi taɓa abin sha don tsoron ɗigo. Baban Tilo kuwa, da kullum yake dawowa da baƙin mai a hannu da wando, tuni ya samo wa kansa kifaffen bokiti a kicin, a nan yake shan shayinsa yana kallon ƙwallo a waya. Tilo, wadda ke shirin jarrabawar shiga jami'a, kan gadonta take karatu a dunƙule. In za su wuce ta falon, sai su bi gefen bango a hankali, kamar gidan ba nasu ba.

"Maman Tilo," in ji mijin wata rana, "wai yaushe za a buɗe falon nan ga jama'a?"

"Ranar da jama'a suka koyi wanke hannu," in ji ta.

Ana cikin haka aka yi wa mahaifiyarta aiki a gwiwa. Likita ya ce tana bukatar inda za a kula da ita, ta riƙa ɗan tattaki kullum har ƙafar ta saba. Tsaf ta ce ai ba inda ya fi gidanta, ga fili, ga ta ma'aikaciyar asibiti.

Inna tsohuwa ce, amma tsufan bai taɓa son adonta ba. Ko kantin bakin titi za ta, sai ta sa kwalli ta fesa turare. Ranar da aka sallamo ta, a motar ma sai da ta nemi madubi. Ta shigo gidan tana dogara sanda, awarwaro na ƙara a hannunta, ta tsaya a ƙofar falo ta ƙare masa kallo sama da ƙasa.

"Masha Allah," in ji ta. "Ashe 'yata ta iya. Wannan ai ko gidan gwamna sai haka."

Zuciyar Tsaf ta yi fari fes. Ta ce, "Inna, zauna ki huta, ki ji laushi."

Inna ta juya baya, ta saki jiki. Kujerar ta karɓe ta, ta ci gaba da karɓa, har gwiwoyinta suka fi ƙugunta tsawo, ƙafar da aka yi wa aiki ta miƙe sama da bandejinta. Aka yi hira kaɗan, aka sha ruwa. Can ta ce bari ta shiga ta kwanta. Ta yunƙura, shiru. Ta dafa hannun kujera, hannun ya lotsa. Ta kafa sanda a tayil, sandar ta zame ta yi nata waje.

"Ke Tilo, zo ki ciro kakarki, kujerar uwarki ta haɗiye ni."

Tilo ta kama hannu ɗaya tana dariya har ƙarfinta ya ƙare. Tsaf ta kama ɗayan. Suka ja, Inna ta taso rabi ta koma. Daidai nan Baban Tilo ya shigo daga wurin aiki, ya ga abin da ake ciki, ya ajiye jakar kayan gyara ya nufo su da sauri.

"Hannunka!" in ji Tsaf da ƙarfi. "Baƙin mai!"

Daga cikin kujera Inna ta ɗago kai ta dube ta.

"Au, kujerar kike ji, ba uwarki ba?"

Kunya ta rufe Tsaf, ta rasa inda za ta sa kanta. Baban Tilo ya danne dariyarsa, ya naɗe hannuwansa da tawul, ya ce, "Inna, ku yi haƙuri, ku riƙe nan." Su uku suka haɗa ƙarfi kafin aka tsamo ta. Tana miƙewa ta gyara mayafi ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Kujera kam akwai kyau, kyan ɗan maciji."

Aka yi ta dariyar abin har wurin cin abinci. Amma wanda ya biyo baya ba na dariya ba ne. Wata safiya Tsaf tana wurin aiki, Tilo ta kira ta a waya. Inna ta fito tattakinta, ta taka ɗan kafet ɗin nan, ya zame a kan tayil ya tafi da ita. Allah ya taimaka ta cafki labule, labulen ya tsinko da sandarsa, ta zube a hankali maimakon ta faɗi tim. Sai dai kusurwar teburin gilashi ta yanke ta a ƙwauri.

Tsaf ta iso gida ko farar rigar aiki ba ta cire ba. Ta duba gwiwar, ba abin da ya same ta. Ta wanke yankan ta ɗaure. Inna sai cewa take, "Ke, ƙwarzane ne fa, kada ki tara mini jama'a." Amma Tsaf ba ta ji. Abin da take gani kawai shi ne da kai ne ya bugi kusurwar nan.

Ita kuwa Tsaf ba ta iya yin abu rabi da rabi ba. Ranar hutunta ta ɗaura ɗamara. Kafet ya tafi sito, tebur ya bi shi, tulu da ciyayinsa suka bi baya. Fararen kujerun ta tura su jikin bango ta lulluɓe da zanen gado. Ta samo wata doguwar kujerar ƙarfe mai rufin leda ruwan toka, irin wadda marasa lafiya ke zama a kai. Ta shimfiɗa baƙar tabarmar roba tun daga ƙofar ɗakin Inna har banɗaki. Ta sa mijinta ya sauke fitilar ado ya ɗaura dogon farin ƙwai mai kashe ido, ya kafa bututun ƙarfe a bango don dafawa. Labulen da ya tsinke ba ta mayar ba. Ta goge ko'ina da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan ta tsaya ta share gumi.

"Yanzu kam ko da gudu ta fito ba abin da zai same ta."

Baban Tilo ya dubi falon, ya sosa ƙeya. "Saura a rataya ledar ƙarin ruwa."

Ta harare shi, ya koma bokitinsa.

Da la'asar Inna ta fito. Ta tsaya a bakin tabarmar roba, ta dubi kujerar ƙarfe, ta dubi tagar da ba labule, ta shaƙi warin magani. Ta juya ta koma ɗaki ta ja ƙofa.

Daga ranar ta daina fitowa. A kai mata abinci ta ɗan taɓa ta ture. A ce ta fito tattaki ta ce gwiwa na ciwo, ko kai na sarawa, ko barci take ji. Abin da ya fi tayar wa Tsaf hankali shi ne ranar da ta shiga da safe ta tarar da uwarta zaune ba kwalli, awarwaron na ajiye a kan durowa. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin idon Inna fari haka ba.

Ta zauna a bakin gado. "Inna, me na yi miki? Na kwashe duk abin da zai cutar da ke. Falon da na yi shekaru ina buri na rushe shi saboda ke, amma ko kallonsa ba kya yi."

"Na kalla," in ji Inna. "Shi ya sa na dawo."

"To me ya rage?"

Inna ta murza gefen zaninta. Can ta ce, "Da nake kwance a asibiti, kullum abin da nake gani ke nan: farin bango, ƙarfe, leda, wannan warin. Na yi ta roƙon Allah ya fitar da ni. Ya fitar da ni, na zo gidan 'yata na ga wuri mai kyau, na ce to, na dawo cikin mutane. Sai ga shi kin ɗauko asibitin kin biyo ni da shi. In na zauna a kujerar can, majinyaciya ce ni, ba uwar mai gida ba." Ta ɗago ta dube ta. "Gwiwa ce ta yi ciwo, 'yar nan, ba ido ba."

Tsaf ta buɗe baki za ta kare kanta. Sai ta ji dariya da ƙwalla sun taso mata tare. "Wato garin neman gira na rasa ido."

"Har da girar ma kin rasa," in ji Inna. "Miƙo mini kwallina. Ina ake sayar da kujeru a garin nan?"

Fitar Inna ta farko ke nan tun bayan aikin. Suka ɗunguma su huɗu zuwa layin masu kujeru, inda ƙarar guduma da zarto ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi, ga soso jibge har rufi, ga ƙamshin sabon katako. Wadda ta ce ba ta iya taka tsakar ɗaki, ranar sai da ta shiga shago ta fita shago, tana zama a kan kowace kujera tana tashi, tana yanke hukunci. Wannan ta yi tauri kamar bencin makaranta. Waccan ramin kura ce. Wata kuma hannunta ya yi nisa.

A ƙarshe suka tsaya wurin wani kafinta mai fara'a da fensir a bayan kunne. Aka yi shawara ba sai an zubar da fararen kujerun ba: zai ƙara musu ƙafa, ya sa soso mai ƙarfi, ya canza yadi. Inna kuma a yi mata tata daban, mai dogon baya da hannun katako da za ta dafa ta miƙe.

Wurin zaɓen yadi ne aka kai ruwa rana. Tsaf ta ɗauko wani mai launin madara, ba zane ko ɗaya. Inna ko kallonsa ba ta yi ba, ta nuna can sama da sandarta. Aka sauko da wani yadi mai jajayen furanni, kowane fure ya kai tafin hannu biyu, da ganye kore shar.

"Inna! Wannan ai ihu yake yi."

"Gara mai ihu da naki da ya yi kama da wanda bai da jini."

"Ni dai da za a bi tawa," in ji Baban Tilo, "a ɗauki ruwan ƙasa. Ba ya nuna datti."

Uwa da 'ya suka juyo suka dube shi a tare. Ya ɗaga hannu biyu ya ja da baya. "Na janye."

Tilo ce ta raba gardamar. Ta ɗora yadin furannin a kan wani kore mai duhu marar zane, ta ce su duba, koren ganyen da wannan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Manyan kujeru su sha kore, kujerar Kaka ta sha furanninta, kowa ya samu. Tsaf ta ja baya ta ƙanƙance ido. Ba abin da ke cikin hotunan wayarta ba ne, ko kusa. Amma ta kasa cewa bai yi kyau ba.

"Kujera ɗaya tak," in ji ta.

"Da matasai biyu," in ji Inna.

"Ɗaya."

"Biyu. Ni na haife ki."

Da aka kawo kayan, sai aka tarar kafinta ya zarce. Don gudun kada Inna ta sake nutsewa, ya yi wa kujerarta ƙafafu har sun yi yawa. Ta hau da ƙyar, ƙafafunta suka tsaya suna lilo a sama kamar 'yar makarantar da aka zaunar a ofishin shugaba. Tilo ta faɗi ƙasa don dariya.

"Da rijiya, yanzu bishiya," in ji Inna. "Malam kafinta, ba a samun tsakiya a wurinku?"

Kafinta ya yi ta ba da haƙuri yana dariya shi ma. A nan tsakar falon ya kifa kujerar, ya sa Inna ta zauna a kan wata ya auna daga dugaduganta zuwa bayan gwiwa, ya yanke abin da ya yi yawa. Garin katako ya watsu a kan tayil, Tsaf tana gani, ta kama tsintsiya ta riƙe har ya gama ba ta ce komai ba. Tilo ta ce wannan ma abin a rubuta ne.

Sauran gyaran a hankali aka yi shi, ana yi ana musu. Aka shimfiɗa babban kafet da ya kusa cika falon, mai roba a ƙasa, ƙafafun kujeru suka danne gefunansa. Aka kawo zagayayyen teburin katako, wanda Tsaf ta shafa bakinsa da tafin hannu ta zagaye kafin ta yarda. Bututun bango ta so a bar shi, Inna ta ce sai dai a fitar da ita. Aka daidaita a kan a cire shi a sa dogon katako mai santsi, launinsa ɗaya da tebur, wanda baƙo zai ɗauka ado ne. Baban Tilo ya mayar da fitilar ado, ya ƙara wata a tsaye kusa da kujerar Inna mai haske kamar na hantsi. Shi ma aka ware masa gefen doguwar kujera, aka shimfiɗa masa wani mayafi mai kauri da ake iya wankewa, bisa sharaɗin sabulu kafin zama. Ya ce ya amince, ko rantsuwa ake so zai yi. Tulun nan ma ya dawo, sai dai Inna ta zare busassun ciyayin ta ce gidan 'yarta ba wurin kiwo ba ne, aka sa shuka mai rai.

Ba komai ne ya yi daidai ba. Koren yana kama zare-zare, kullum sai Tsaf ta bi shi da buroshi. Matasan furannin kuma har yau in ta shigo sai ta juya su ta baya, Inna ta juyo da su. Amma tattaki ya dawo. Inna kan taso daga ɗaki ta bi katakon bango har kujerarta, ta huta, ta zagaya tebur, ta leƙa taga ta ba da labarin duk wanda ya wuce. Maƙwabta suka fara shigowa gaishe ta, su zo da niyyar tsayuwa a ƙofa su ɓige da hira har a kira su a waya daga gida.

Da ƙafa ta yi ƙwari har ta ajiye sanda, Inna ta ce za ta koma gidanta, tsirranta da maƙwabtanta suna jira. Aka haɗa kaya. Ana cikin lodi a mota sai ta ce wa surukinta, "Ɗan nan, a ɗauko mini kujerata."

Tsaf ta yi turus. "Wace kujera?"

"Mai ihu. Ai na ga ba kya son ta, gara in rage miki hayaniya."

"Haba Inna, ai an riga an tsara falon da ita. In an ɗauke ta lungun zai zama wani iri."

"A gwiwata aka auna ta," in ji Inna. "Matasan dai na bar miki, ki yi ta juyawa."

Haka aka ɗaure kujerar a saman mota, ƙafafu a sama, jajayen furanni na ɗaukar ido tun daga farkon layi. Inna ta leƙo ta taga tana ɗaga hannu, awarwaro na ƙara.

Tsaf ta daure na ɗan lokaci. Ta matsar da shuka lungun, bai cika ba. Ta gwada ƙaramin tebur, bai yi ba. Wata ranar hutu dai ta saɓi jaka ba ta gaya wa kowa ba, sai layin masu kujeru. Kafinta ya ce ai yadin furannin ya ƙare, amma akwai wani sabo da ya shigo. Ya warware mata shi a kan benci: ruwan ɗorawa ne, da tsuntsaye masu dogon wutsiya.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗauki hotonsa ta tura wa Inna. Ba a jima ba waya ta yi ƙara.

"Ke 'yar nan, wannan bai yi yawa ba kuwa?"

"Inna, ke ce kike faɗin haka?"

"To, ni dai na faɗa. Amma in za ki saya, ki ce ya ƙara yadin, labulen ɗakina ya tsufa."